Tambayar da aka yi mini wajen mai shayi a Khartum

Wata na huɗu ke nan a Khartum. Cikina bai gama sabawa da ful da kisra ba, amma ba abinci ne ya hana ni barci ranar Alhamis ɗin nan ba.

Muna zaune bayan la'asar a gindin dalbejiya kusa da bakin Nilu, wajen matar da ke sayar da shayi, don a nan sana'ar mata ce. Wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar, wanda muke gaisawa kullum, ya dubi carbin hannuna ya ce, "Ya zol (wato 'kai mutumina' a Larabcinsu), da a Tokiyo aka haife ka, da carbin nan yana hannunka? Mene ne dalilinka na cewa akwai Allah, ban da haka ka tarar a gidanku?" Babu raini a muryarsa. Ƙanwarsa ce ta rasu a gabansa a asibiti, tun daga nan abin ya tsaya masa a rai. Kuma tun da aka soke hukuncin ridda a 2020, samari sun fara furta irin wannan a fili.

Shekara biyar na yi ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu a Kano, yara da iyayensu suna ce mini Malam. Sai ga shi bakina ya mutu. "A'uzu billahi" kawai na iya cewa. Ya yi shiru, ya biya kuɗin shayinmu mu biyu, ya tafi. Wallahi biyan nan ya fi tambayar ƙona mini rai.

Bayan sallar Juma'a na tafi unguwar Mayo wajen wani dattijo Bahaushe, wanda kakanninsa suka baro ƙasarmu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a garin Mai Wurno a nan Sudan. Hausarsa irin ta kakata ce, in yana magana sai in ji kamar a zaurenmu nake. Na kwashe labari na gaya masa.

"Ɗana, ba a biya muku Ummul Barahin ba?" Littafin tauhidi na malamin nan Sanusi na Tilimsan ta Aljeriya yake nufi, wanda ya rasu a 1490. Na tuna shi a akwatin mahaifina, cikin gafaka, ban taɓa buɗewa ba. Dattijon ya ce duniya canzawa take yi, mai canzawa fararre ne, fararre kuwa ba ya farar da kansa. "Ka ɗauka layi guda kowace mace aron gishiri take yi wajen maƙwabciya. In babu mai gishirin kanta ko ɗaya, da me aka yi miya?" Na ce, Baba, zancen Tokiyo fa? Ya ce inda ka jiyo magana daban, gaskiyarta daban, ai lissafi ma a wajen wani ka koya. Kaina ya ɗan fasu, ashe mu ma muna da namu tun kaka da kakanni. Amma da na kawo maganar yarinyar sai ya daɗe yana kallon tabarma. "Gishiri ba ya amsa wannan. Ka yi masa ta'aziyya kuwa?"

Ban yi ba.

Da dare na kira Inna. 'Ya'ya uku ta binne kafin a same ni, ba ta san Sanusi ba, ban kuma taɓa ganin asuba ta wuce ta ba. Da a ce zamanin masu kalamin da Shehu Usmanu ya yi ta yi wa raddi ne, masu cewa wanda bai san dalilai ba imaninsa bai inganta ba, da ita ma sun haɗa. Ta tambaye ni ko ina samun tuwo, ta ce akuyar Yaya ta haifi biyu, rufin ɗakin baya ya fara yoyo. Na gaya mata labarin sama-sama. Ba ta ce komai kan tambayar ba, sunan yarinyar kawai ta nema don ta sa ta a addu'a.

Ban san sunan ba. Kwana shida ke nan ina zuwa gindin dalbejiyar da kuɗin shayi biyu a aljihu, bai zo ba tukuna.