Yadda na gyara ɗakina da farar ƙasa da faya-fayan Inna

Ɗakin da aka kai ni ranar aurena yana cikin wani tsohon gida a birnin Katsina, ba nisa da Ƙofar Soro. Ginin tubali ne, daga baya aka yi masa shafen siminti mara kauri. Shekara tara ina cikinsa. Kabad ɗin jerena irin na matsattsen garin katako ne, gara ta cinye bayansa, bangon kuma ya yi dabbare-dabbare har na fara jin nauyin shigo da baƙi.

A watan Yulin 2023 na kira kafinta da mai fenti su duba. Lokacin an cire tallafin mai tun ƙarshen watan Mayu, komai ya tashi. Kuɗin da suka faɗa ya haura abin da maigida ke samu a wata. Ya yi shiru kawai, ni ma ban ƙara tayar da zancen ba. Na ƙudurta a raina zan yi da hannuna.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Cikin watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, na cire kuɗin adashina na sayo galan ɗin fenti mai mai, mai launin madara, na shafe bangon kwana biyu. Ya yi sheƙi, na yi ta murna. Ba a yi sati uku ba sai ga kumburi ya fito daga ƙasa har zuwa tsayin gwiwa, kana taɓawa yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, gari fari yana zubowa. Na yi kuka ranar, don kuɗin nan wata shida na yi ina tara su.

Inna, mahaifiyar maigida, ta shigo ta dafa bangon ta ce, "Ɗiyata, ginin ƙasa numfashi yake yi. Ke kuma kin toshe mashi hanci." Ta yi mini bayani cewa da damina danshi daga ƙasa yake hawowa cikin tubali, ya fita ta jikin bango a hankali. Fenti mai mai ba ya barin komai ya wuce, sai danshin ya taru a bayansa ya ture shi. Ta ce in dubi hasumiyar Gobarau, ita ma ƙasa ce, ɗaruruwan shekaru tana tsaye, ba da fenti ta rayu ba, da yaɓe da kulawa. Daga nan ta ja hannuna zuwa bayan ɗakin ta nuna mini indararo ya karye, ruwan rufi yana zuba daidai gindin bango. Shekara nawa ina wucewa ta wurin ban taɓa haɗa shi da abin da ke faruwa a ciki ba. Maigida da ƙanensa suka sake indararon, suka yi wa ruwan hanya zuwa makwarari. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne amfani, kuma ba wanda zai shigo ɗakin ya gan shi.

Sai jira. Inna ta ce kada in taɓa bangon sai iskar hunturu ta busar da shi sosai. Na haƙura har watan Janairun 2024, ina so in gama kafin azumi ya kama a watan Maris.

Kankare fentin ya fi shafa shi wuya nesa ba kusa ba. Kwana biyar na yi da tsohuwar wuƙa da sanfefa, na ɗaure hanci da ɗankwali. Na cike ramuka, na bar su suka bushe. Farar ƙasa na sayo a Babbar Kasuwa, da ƙaro rabin gwangwani da bula irin ta wanki. Na jiƙa farar ƙasar a tsohon baho kwana biyu, ƙaron kuma a ruwan ɗumi daban har ya narke. Amfanin ƙaro shi ne ya riƙe farin, kada wanda ya jingina ya tashi da shi a riga. Bula kaɗan ake sawa, ta kashe ɗorawa-ɗorawan da ke cikin farin. Na haɗa su, na tace da tsohon mayafi, na tsinka shi har ya koma kamar farau-farau.

Shafin farko ya tsorata ni. Bangon ya fito toka-toka kamar ruwa kawai na watsa, har na ɗauko sauran farar ƙasar zan ƙara kauri. Inna ta riƙe ni: "Bari ya bushe tukuna, ki gani." Kafin la'asar ya yi fari. Ashe haka take, sai ta bushe take nuna kanta, kuma in an yi ta da kauri tsagewa take yi. Shafi uku na yi marasa kauri, kwana ɗaya tsakanin kowanne. Na kuma gane cewa hunturu na busar da ita da sauri fiye da kima, ta zama gari, don haka nakan yayyafa wa bangon ruwa kafin in fara, in yi aikin da sassafe. Duk mai son yi ta nemi safar roba, ta kuma kare idonta. Ni ranar farko da hannu tsirara na yi, yatsuna suka tsattsage, sai da na yi mako ina shafa man kaɗanya.

Da bangon ya yi fes, sai na rasa abin da zan rataya. Na so in sayi furen roba da allunan ado na kanti, kuɗi ba su kai ba. A nan ne Inna ta buɗe adakarta ta fito da faya-fayai bakwai da ta saƙa tun tana amarya, masu ja da kore da baƙi, launinsu ya ɗan dushe amma saƙar tana nan daram. Ta haɗa da ƙwarya biyu masu zanen ƙuna. Na goge su da ɗanyen tsumma, na ɗinka wa kowanne ɗan madauki a baya. Sai da na jera su a ƙasa na yi ta juya su har tsarin ya kwanta mini, sannan na buga ƙusa, don bangon ƙasa ba ya son a yi ta huda shi. Abin da muke rufe fura da shi kullum ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, yanzu duk wadda ta shigo a kansa idonta ke fara sauka. A ganina ya fi furen roba kyau sau goma, kuma ƙura ba ta maƙale masa.

Sauran ayyukan ba su ba ni wahala ba. Telar unguwarmu ta tara mini ƙyallayen atamfa buhu guda kyauta, na zaɓi masu shuɗi na yanka su murabba'i, na harhaɗa labule da rigunan filo huɗu a keken maƙwabciyata. Kabad ɗin na ɓalle, na jefar da abin da gara ta taɓa, ƙyauren biyu masu lafiya suka zama kanta. A saman ƙofa na zana dagi: na yanka siffarsa a kwali, na manna, na ɗiɗɗiga bula mai kauri da soso. Na farko ya zuba don soson ya jiƙe da yawa, na shafe da farar ƙasa na sake.

Ƙasan ɗakin ban taɓa ba, tabarmar kaba na shimfiɗa kan tsohuwar ledar. Amma Inna ta yi ta ba ni labarin daɓe, yadda mata ke taruwa da madaɓai suna bugun tsakuwa suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasan ya yi ja ya yi santsi. Ta ce nata ya shekara ashirin bai fashe ba.

Damina ta sake zuwa ta wuce. Kusurwa ɗaya ta nuna danshi a watan Agusta, ta bushe da kanta, babu abin da ya ɓare. Yanzu madafa nake hari, kuma wata ƙawar Inna da ke ƙauye ta fara tara mana ɓawon ɗorawa.