Dokokin ƙungiyar unguwarmu

Tun da aka ba ni sakataren ƙungiyar unguwarmu na gane rubuta doka ba wuya, aiki da ita ne jidali. Mun amince duk wanda ya makara zai biya tara, ba a katse wa mai magana hanzari, siyasa kuma a bar ta a bakin ƙofa. Kowa ya ce madalla. Amma ranar da Alhajin da ke ba mu aron zaure ya makara, kowa ya sunkuyar da kai, ma'aji ma ya kasa buɗe baki. Yaro ɗan acaɓa kuwa nan take aka karɓi tasa, har da faɗa.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne raɗa. Ana tsakiyar bayani mutum biyu su haɗa kai suna ƙus-ƙus, alhali Annabi (SAW) ya hana biyu su yi ganawa su bar na uku. Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili da mugun laƙabi da gulma, dukkanmu mun ji ta a islamiyya. Duk da haka kafin a naɗe tabarmi, bashin da wani ya roƙa a asirce ya riga ya isa teburin mai shayi.