Kafin ka ce yaron mota ba shi da tarbiyya

'Yan uwa, kun lura da yamma a tashar Kejetia ta Kumasi kowa mugu ne? Kaya a ka, kana ƙirga canjin sidi biyar, waya na ƙara, sai yaron trotro ya amsa maka da gatse. Nan take zuciya ta yanke hukunci.

Masana halayyar ɗan Adam sun ce yanke wa mutum hukunci matakai uku ne: ka ga abin da ya yi, ka ɗora shi a kan halinsa, sannan ka gyara idan ka duba yanayin da yake ciki. Biyun farko da kansu suke zuwa. Na ukun ne mai cin ƙwaƙwalwa, ita kuwa abu wajen huɗu take iya riƙewa lokaci guda.

A 1988 masanin halayya Daniel Gilbert da abokansa sun nuna wa mutane bidiyon wata mata tana ta kame-kame. Waɗanda aka shagaltar da hadda sun ce halinta ne fargaba, alhali a rubuce yake a jikin bidiyon cewa tambayoyin kunya ake yi mata.

To, idan kan ya cika, ajiye wayar tukuna. Yaron nan tun asuba yake kiran fasinja, Aboabo, Aboabo, muryarsa har ta dushe.