Hawa huɗu da na koya a shagon taki a Sakkwato

Shekara biyu da suka wuce wani dattijon ɗan kasuwa a Sakkwato ya aika a kira ni. Taki yake sayarwa, da irin shuka da maganin feshi. Babban shagonsa na cikin gari, yana da reshe a Illela, da wani a Tambuwal. Duk ƙarshen wata ana kawo masa littattafai uku, kuma lissafinsu bai taɓa zuwa ɗaya ba. Ya ce da ni, "Injiniya, so nike in zauna nan in san abin da ke sito da abin da ke hannun mutane."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Na sayo kwamfutoci uku, na sa manhaja irin ta manyan kantuna, na haɗa intanet, na koya wa yaran shago. Kafin wata biyu kowa ya koma littafinsa.

Abin ya dame ni ƙwarai, don kuɗin bawan Allah ne na kashe. Na tafi Illela ranar kasuwa, na zauna gefen akawu tun safe ina kallo kawai. Wani manomin albasa ya zo ya ɗauki buhu huɗu, bai ba da ko kwabo ba. Akawu ya rubuta sunansa da na wanda ya tsaya masa. Na tambaya yaushe zai biya. Ya ce sai an cire albasa, kuma mai yiwuwa da albasar zai biya, a kan farashin ranar. Manhajar da na kawo ba ta san wannan cinikin ba; abin da ta sani shi ne an biya ko ba a biya ba.

A daren na koma kan abin da na karanta na ajiye. Akwai tsarin TOGAF na ƙungiyar The Open Group, wanda aka fara fitarwa a 1995. Yana kallon kowace ma'aikata kamar bene mai hawa huɗu: yadda ake gudanar da harkar, bayanan da harkar ke buƙata, manhajojin da ke sarrafa bayanan, sai na'urorin da ke ɗauke da manhajojin. Ni daga na'ura na fara, ban tambayi kowa yadda ake ciniki ba. Na kuma ɗauko tambayoyi shida na John Zachman, wanda ya fara wallafa tsarinsa a 1987 yana aiki a kamfanin kwamfuta na IBM: mene ne, ta yaya, a ina, wane ne, yaushe, don me. Da su na zagaya shagunan uku har mako biyu, ina rubutawa a takarda.

Hawan bayanai shi ya fi cin raina, kuma nan ne ainihin ciwon yake. Mutum ɗaya na same shi da suna uku. A Sakkwato an rubuta sunansa na yanka, a Illela laƙabinsa, a wani shafin kuma sunan ƙauyensu aka liƙa masa. Bashi ɗaya ya zama uku, ko kuma ya biya a nan ana binsa a can. Sai kalmar "buhu". Buhun taki kilo 50 ne, amma yaran shago kan farke shi su sayar da mudu, kuma da an farke sai ya ɓace daga lissafi. Buhun albasar da ake karɓa a madadin kuɗi kuwa wani abu ne daban, ga shi tana raguwa a ajiya idan ta fara ruɓewa.

Muka zauna da Alhaji mai shagon da akawun nan uku muka yanke magana. Kowane abokin ciniki zai samu lamba ɗaya, haɗe da lambar wayarsa, ƙauyensa da mai tsaya masa. Wani ya ce a karɓi lambar NIN ta kowa. Na ƙi, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a tattara abin da ake buƙata kawai, kuma manomi amana ya ba mu. Farashi Alhaji kaɗai ke canza shi. Bashi akawu ke shigarwa, amma ba shi da ikon gogewa. Wannan zaman ya fi duk wayoyin da na ja amfani.

Bayan nan manhaja ba ta ba da wuya ba: ɓangaren kaya, ɓangaren bashi mai karɓar biya da kuɗi ko da albasa, da rahoton Alhaji, duk suna ɗiba daga rumbun bayanai guda. Tana aiki ko babu sabis, ta tura idan ya dawo. Na'urori kuma Sakkwato ce ta zaɓa mana. Zafin Afrilu kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu na toshe fankar kwamfuta, wuta ba ta da tabbas. Muka bar kwamfuta ɗaya a babban shago kan sola, rassa suka koma wayar hannu.

Akawun Illela har yau yana riƙe da littafinsa, ban hana shi ba. Da aka cire albasar bana ya buga mini waya da yamma. Ya ce, "Injiniya, na gwada littafi da waya, mutum biyu kaɗai suka saɓa, kuma ni na manta ban rubuta ba. Yaushe za ka zo mu shigar da ma'ajiyar albasa?"