Gurnanin da ya sa na cire lafiyayyen boris

Shekarata ta uku a gareji kenan lokacin, na fara jin kaina, oga yakan bar min aiki ya tafi Ƙofar Ruwa sayen kaya. Ranar sai wani Alhaji ya kawo Corolla ɗinsa, yace in ya hau titin Zariya maleji ya kai 60 sai wani gurnani ya taso, wuuuu kamar jirgi na shirin tashi, kuma shi ta gaban dama yake jinsa. Yace boris ne, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye a ciki da taya take juyawa a kansa. Nima nace boris ne Alhaji, ko tada motar ban yi ba balle in zagaya da ita.

Na ɗaga a jak na girgiza tayar sama da ƙasa, ba ta motsa ba, amma nace ai wani boris ɗin yana kuka tun bai fara lilo ba (kuma haka ne, shi ya sa ma na ruɗi kaina). Na kwance mazaunin boris ɗin, na kai aka matse tsohon ya fita aka danna sabo, irin na gaban motar nan kuwa in ya fita ya fita kenan ba ya komawa. Washegari da hantsi sai ga Alhaji, fuska ba annuri, wai ƙara tana nan yadda take.

Oga bai yi min faɗa a gabansa ba, kawai ya karɓi makulli yace kai shiga baya ka zauna ka rufe bakinka. Muka hau baifas. Da gurnanin ya taso sai ya saka motar a firi ya taka totur, injin ya yi ihu ya sauka, gurnani ko gezau. Yace ka ji ko? Da salansa ce ko wani abu na injin da ƙarar ta bi totur, wannan gudun taya take bi. Sannan da ya ga titi ba kowa ya ɗan karkata sitiyari hagu, ya dawo dama, a hankali kamar mai kaucewa rami. In ka karkata hagu nauyin mota kan tayoyin dama yake komawa, to boris ɗin da ya mutu in aka ɗora masa nauyi kukansa ƙaruwa yake, in aka sauke ya ragu, galibi dai haka ne. Wannan ƙarar ba ruwanta da sitiyari. Amma muna sauka daga kwalta mai santsi muka hau wani wuri mai kaushi sai muryarta ta canza, kuma ni da nake zaune a baya wallahi a ƙarƙashin cinyata nake jinta, ta hagu ma, ba gaba ba ba dama ba. Ƙara cikin ƙarfen mota take bi, direba sai ya rantse ta gabansa take alhali tana can baya.

Da muka dawo yace shafa tayar baya da tafin hannunka. Na shafa, sai naji tudu da kwari tudu da kwari zagaye da ita, wuri ya cinye wuri bai cinye ba, in ido kawai ka sa ba lallai ka lura ba. Na leƙa shokozoba, duk mai ya tsiyaye ƙura ta manne masa ta yi baƙi. Ya mutu tuntuni, tayar tsalle take tana dukan titi shi ya sa ta ci a haka. Muka ɗaura safaya muka sake fita, shiru kamar an ɗauke wuta.

Abin da ya fi min ciwo ba wai ban san waɗannan gwaje-gwajen ba ne fa, na sha ganin oga yana yi, har da gwajin da yake ɗaga mota ya juya taya da hannu ɗaya ya riƙe sifirin da ɗayan, in boris ya lalace za ka ji karkarwa tana shigo maka yatsu. Ƙyuya ce ta hana ni, da kuma kunyar in ce wa babban mutum ba haka ba ne tunda shi ya riga ya faɗi cutar da bakinsa. Yanzu in mai mota ya zo yace min boris ne sai ince to ranka ya daɗe mu ɗan zagaya tukunna, ina tambayarsa a gudu nawa take farawa, ya faɗa rami kwanan nan, ya ratsa ruwa da damina, yaushe ya canza taya. Wasu haushi suke ji wai ina ƙona musu mai, da tsadar man nan ban ga laifinsu ba, amma ba na sa sifana sai na ji da kunnena.

Kuɗin boris ɗin oga ne ya mayar wa Alhaji daga aljihunsa, ni kuma sati biyu ana kirana Dakta a garejin, hatta mai kawo mana kunun aya sai da ta ɗauka.