Tsakanin f/2.8 da f/4: yadda na zaɓi dogon gilashin kyamarata

Ranar Hawan Daushe na ƙaramar Sallar 2018, tun bayan azahar na isa Ƙofar Kudu, gaban fadar Sarkin Kano, don in kama wurin tsayuwa kafin jama'a su cika. A wuyana akwai Canon 60D, a bakinta kuma dogon gilashin zum na 70-300mm f/4-5.6 da na saya na hannu. Kafin ranar ban taɓa jin haushin gilashin nan ba. Da shi nake ɗaukar saukar karatu da ƙwallon unguwa da ɗaurin aure a ƙofar masallaci, duk da rana tsaka, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Da la'asar komai lafiya lau. Hakimai na wucewa, 'yan lifidi da 'yan kwalkwali, dogarai cikin ja da kore, ina ta ɗauka ina duba bayan kyamara ina jin daɗi. Amma wanda ya san Daushe ya san abin da ake jira yana can ƙarshe, lokacin da Sarki ya dawo daga Babban Ɗaki ya tsaya, mahaya suka zaburo don jafi. Kafin a kai nan rana ta yi ƙasa, ga hadari ya taso daga gabas tunda damina ce, ga ƙurar kofato ta rufe fili.

Doki a guje ba ya tsayawa cak a hoto sai shota, wato labulen nan da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara, ta ƙyafta a 1/1000 na daƙiƙa ko fiye. Ni kuma da na zuƙo gilashina zuwa 300mm, ƙofar haskensa ta matse zuwa f/5.6, ba yadda zan yi da ita. Abin da ya rage mini shi ne ISO, wato ma'aunin da ake ɗagawa don hoto ya yi haske a duhu, amma yana jawo yashi a hoto. Na yi ta ɗagawa har 6400, wanda a 60D nan ne ƙarshen ma'auninta na yau da kullum. Fuskokin mahaya suka fito kamar an watsa musu yashi, jan rawani ya koma ruwan ƙasa. Na sauko da shota zuwa 1/250, yashin ya ragu, dawakan kuma suka zama inuwa mai ja da baya. Cikin duk abin da na ɗauka na jafi, babu guda da zan iya wankewa in ba mutum ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Washegari na kai wa maigidana, wanda a shagonsa na koyi aiki. Ya yi ta wucewa da hotunan a kwamfuta bai ce komai ba. Can ya ce, "Kai, hannunka bai yi laifi ba. Rijiya ce ta ƙafe, ka je da ƙaramin guga." Na ce, "Maigida, to kyamarar zan canza?" Ya ce a'a, in bar kyamara tukuna, in nemi gilashi mai sauri.

A da na ɗauka idan an ce gilashi mai sauri ana nufin yana saurin kama fokas. Ashe ba haka ba ne. Faɗin ƙofarsa ake nufi: yana shigo da haske mai yawa, shota ta samu damar ƙyaftawa da sauri. Lambar nan ta f kuwa lissafi ce kawai, tsawon gilashi a raba da faɗin ƙofar. Gilashin 200mm a f/2.8 ƙofarsa ta kai kusan milimita 71, a f/4 kuma milimita 50. Shi ya sa ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, abin da ke rikita kowane sabon shiga. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, daga f/4 zuwa f/5.6 ya sake raguwa da rabi, kowace raguwar rabi kuwa ita ake kira mataki ɗaya. Ma'ana, a wannan yammacin da nake fama da ISO 6400, mai f/4 yana kan 3200, mai f/2.8 yana kan 1600, dukkanmu a shota ɗaya, muna kallon doki ɗaya.

Na shiga adashi. Kafin kwasata ta zo na riga na taƙaita zaɓi zuwa biyu, duka na Canon, duka 70-200mm, duka farare. Ɗaya f/4L IS, giram 760. Ɗaya kuma f/2.8L IS II, wanda ya fito a 2010, giram 1490. Nauyi kusan ninki biyu, kuɗi ma kusan ninki biyu, duk saboda mataki ɗaya tak na haske. Wannan lissafin ya hana ni barci ba sau ɗaya ba. Kuɗin da ke tsakaninsu zai saya mini filasha mai kyau da batira da katin ajiya, har in samu canji.

Maigida yana da f/4, sai ya ba ni aro na wata guda. Wani abokin aiki kuma ya yarda in riƙa karɓar f/2.8 ɗinsa duk ranar da ba shi da aiki, ina ba shi ɗan abin da ya samu. Da ma haka ya kamata kowa ya yi kafin ya zuba kuɗinsa, amma yawancinmu a bidiyon intanet muke yanke shawara.

Da rana, gaskiya, ban ga bambanci ba. Na ɗauki ɗaurin aure da kowannensu, na jera hotunan a kwamfuta, na kira yaran shago su nuna wanne ne na mai tsada, kowa ya yi ta canke. Gilashin f/4 yana da kaifi ƙwarai tun daga buɗaɗɗiyar ƙofarsa, kuma ƙofar ba ta canzawa ko ka zuƙo ko ka mayar, saɓanin tsohon gilashina da hoto ke duhu da zarar na matso da abu kusa. Ga shi ba nauyi. Sai in yini da shi a wuya ban ji komai ba.

Inda suka rabu shi ne ɗakin dina. Masu ado sun fi son fitilu masu launi, shuɗi da shunayya, haske ɗan kaɗan, sai walƙiya. Amarya na tahowa, ƙawaye na rawa a bayanta, ana liƙi. Filasha tana taimakawa idan kana kusa, amma dogon gilashi amfaninsa ke nan ka tsaya can gefe, kuma daga nesa filasha ko dai ta gaza kaiwa ko ta wanke fuskokin na gaba ta bar baya baƙi ƙirin. Nan na gane wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa sosai. Na'urar hana girgiza, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon kuma VR, rawar hannunka kawai take gyarawa. Ba ta tsayar da mai rawa. Da f/4 na ɗauki kek da kujerar ango da amarya a 1/30 sun fito tas, domin ba sa motsi. Amma da aka fara kiɗa, sai 1/250 zuwa sama, kuma nan mataki ɗayan da nake rainawa ya zama shi ne tsakanin hoton da za a saka a albam da wanda za a goge. Fokas ma ya fi saurin kamawa a duhu da f/2.8, domin kyamara tana saiti ne da ƙofar gilashi a wangale, ko da a wace lamba za ka ɗauka.

Akwai wani dalili da ba na lissafi ba. A wurin kamu ko yinin biki, taron mata ne, kuma namiji mai hoto baƙo ne ko da an gayyace shi. Idan ka kutsa tsakiya da gajeren gilashi, iyaye mata sai su ja mayafi, 'yan mata su daskare, dariya ta ɗauke. Idan ka tsaya bakin ƙofa da 200mm, bayan minti goma an manta da kai. Mafi kyawun hotunan da na taɓa ɗauka na uwar amarya tana share hawaye, daga nesa na ɗauke su, kuma irin waɗannan wuraren galibi cikin rumfa ne ko falo, bayan la'asar. Tunda rabin abincina daga nan yake fitowa, na rufe ido na sayi f/2.8, tokumbo, wato na hannu.

Wanda zai sayi na hannu, ya tafi da tocila. Ka cire murfi gaba da baya, ka haska ta ciki. Ƙura kaɗan ba komai, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo ko farin gajimare, fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu. Ka kunna IS ka kasa kunne, ka juya zoben zum ka ji ko yana cijewa, ka ɗauki rubutun bango ka duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kaifi, alamar ya taɓa faɗuwa ke nan.

To, an ce zuma da zaƙi da harbi. Sati na farko komai a f/2.8 nake ɗauka, saboda yadda baya ke narkewa mutum ya fito shi kaɗai kamar an yanko shi. Har aka zo wani biki da na ɗauki ango da amarya a 200mm, suna tsaye kamar mita biyar daga gare ni, ango ya ɗan ja baya da rabin taku. A lokacin na riga na koma Canon 6D mai babbar sansa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. A irin wannan nisa, a f/2.8, zurfin wurin da ke fitowa da kaifi bai wuce santimita 10 ba. A f/4 kusan 15, a f/5.6 kusan 21. Idon amarya ya fito kamar ka taɓa, fuskar ango kuwa dishi-dishi. A ƙaramin allon kyamara ban lura ba, sai da aka buga babba. Yayar angon ta kira ni ta ce, "Malam mai hoto, ɗan'uwan namu laifin me ya yi maka?" Na ba da haƙuri, na sake musu zaman hoto kyauta. Tun daga ranar, mutum biyu ko fiye, ina matse ƙofa zuwa f/4 ko f/5.6, kuma ina jera su a layi ɗaya. Wato na biya kuɗin f/2.8 ina ɗauka a lambar da mai arha ma zai ba ni. Abin dariya, abin haushi.

Sai nauyi. Gilashin da kyamara da filasha sun haura kilo biyu da rabi. A awa ta farko ba ka ji. Bikin da aka fara da kamu aka ƙare da dina ƙarfe goma sha ɗaya na dare, washegari wuyana ba ya juyuwa. Na daina rataya shi a wuya, na koma maɗaurin kafaɗa da ake ɗaurawa a zoben gilashin, ranar hawa kuma ina tafiya da sandar kyamara mai ƙafa ɗaya. Kuma babban farin gilashi yana jan ido. A cikin cunkoso hannuna ba ya barin kansa. Farin fentin dai yana da amfaninsa, don ba ya ɗaukar zafin rana kamar baƙi, abin da duk wanda ya tsaya a fili a watan Afrilu zai gode wa.

Abu ɗaya da duka 70-200 ɗin biyu suka fi tsohon gilashina shi ne ba sa tsawo idan ka zuƙo, komai a ciki yake motsi. Shi kuwa 70-300 yana fita yana komawa kamar famfon keke, kuma lokacin hunturu ƙura yake zuƙa.

Akwai inda f/2.8 bai tsinana mini komai ba. Da muka je Yankari, gwaggon biri da gadu a kusa da masauki sun ɗauku, amma duk abin da ke can cikin daji, 200mm ya yi gajere. Na ɗaura masa abin ƙara tsawo na 2x, ya zama 400mm, amma ya cinye matakai biyu na haske ya koma f/5.6, kaifi ma ya ɗan ragu. Na 1.4x mataki ɗaya yake ci. Nan dai mai f/2.8 ya fi mai f/4 sa'a, don shi da 2x zai faɗa f/8, inda kyamara irin 6D ba ta kama fokas da kanta ta madubin leƙawa. Amma da tsuntsaye ko namun daji ne sana'ata, da ban kalli 70-200 ba sam. Da irin su 100-400mm ko 150-600mm zan nema, masu ƙaramar ƙofa, tunda a can tsawo ake buƙata kuma da rana ake fita.

Bayan kamar shekara biyu na buɗe Lightroom, manhajar gyaran hoto, na tace hotunan da na miƙa wa masu biki bisa lambar ƙofa. Na hawa da na ɗaurin aure da na waje, kusan duka f/4 zuwa f/8 ne. Waɗanda ke f/2.8 ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma kusan dukkansu na dina ne da na cikin ɗaki da na bayan magariba. Sai dai a cikinsu ne ake zaɓar wanda za a buga babba a rataye a falo.

Yanzu lissafin ya ɗan sauya. Sababbin kyamarori marasa madubi suna jure ISO 6400 fiye da yadda 60D ta jure 1600, manhajojin goge yashi ma sun yi nisa. Gilasan sun rage ƙiba: RF 70-200mm f/2.8 na Canon da ya fito a 2019 giram 1070 ne, ɗan'uwansa f/4 kuma 695, ko da yake waɗannan biyun suna tsawo in an zuƙo, kuma ba sa karɓar abin ƙara tsawo. Shi ya sa da yaron shagona ya zo kwanan baya ya ce, "Maigida, na tara kuɗi, irin naka zan saya," ban ce masa eh ko a'a ba. Na tambaye shi ƙarfe nawa yake yawan ɗaukar hoto. Ya ce aikinsa na makarantu ne, bikin yaye ɗalibai da wasannin motsa jiki, daga safe zuwa azahar. Na ce ya sayi f/4, ragowar kuɗin ya sayi filasha da katin ajiya biyu. Ranar da ya samu dina, ya zo ya ɗauki nawa, amma ya dawo da shi kafin Juma'a, don ina da kamu a Gwale.