Yadda taron kiyaye haɗurra ya daina zama wurin gyangyaɗi a masana'antarmu

Shekara uku ke nan da aka ɗora mini alhakin kula da kiyaye haɗurra a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Katsina, ba don na karanci fannin ba, sai don ni ne mai riƙe da sito, kuma a hannuna ake karɓar takunkumin hanci da safar hannu da takalma. Manaja ya kira ni ofis, ya miƙo mini wani kundi na Turanci, ya ce daga ranar duk safiyar Litinin in tara ma'aikata in yi musu bayani na minti 15 kafin a tayar da inji. Na ce to, ranka ya daɗe, na fito ina ganin abin ba wuya.

Wata biyun farko na yi su ne ina karantawa ina fassarawa. Nakan tsaya a gaban mutum wajen 40, wasu a tsugune, wasu sun jingina da buhuna, in yi ta jero dokoki daga ta ɗaya har ta goma. Wanda bai yi gyangyaɗi ba yana latsa waya, 'yan dako kuwa idonsu na bakin ƙofa, domin su a kan buhu ake biyansu, kowane minti da na riƙe su kuɗi ne na ci musu. Wata rana dattijon da ke kula da tukunyar tururi ta sashen gumi, wanda kowa ke kira Baba, ya jira na gama, sannan ya ce, "Malam, tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa, ka sallame mu mu kama aiki." Aka fashe da dariya. Ita ce dariya ta farko da aka taɓa yi a tarona, kuma ni aka yi wa. Mako na gaba na zo da shirina, na kawo hadisin nan na mutumin da aka ce ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, sai na tarar Baba ya fi ni saninsa, har ya gyara mini lafazi. A nan na gane cewa mutanen nan ba wa'azi suka rasa ba.

Abin da ya fara sauya al'amarin wata tambaya ce da ta fito daga bakina ba shiri. Muna cikin hunturu, komai ya bushe, ɓuntun shinkafa ya taru tsibi-tsibi a bayan masana'anta, sai hira ta kai mu ga gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021, wadda da wuya ka sami wani a cikinmu da ba ta taɓa ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa ba. Na nuna jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango, na ce wa ya taɓa aiki da irinta. Mutum biyu suka ɗaga hannu, ɗayan ma daga baya ya amsa cewa gani ya yi ana yi.

Na nemi izini a ba ni tukwanen da lokacin sake cika su ya yi, tunda dama juye su za a yi, na roƙi wani maƙwabcina, tsohon ma'aikacin kwana-kwana, ya zo ya tsaya mana. Muka hura wuta a rabin duro a fili nesa da ɓuntu, muka raba jama'a gida huɗu: masu inji, masu gumi, masu ɗinkin buhu da 'yan dako, aka ce a ga sashen da zai riga kashewa. Na farko wani ƙaƙƙarfan ɗan dako ne da ke ɗaukar buhu kamar matashin kai. Ya yi ta matsa hannun tukunyar har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ko ƙura ba ta fito ba, domin bai zare ƙusar da ke riƙe da hannun ba. Na biyu ya zare, amma ya tsaya iska na busowa ta gabansa, ya yi ta fesa wa harshen wutar daga sama, tukunyar ta ƙare wuta na ci, shi kuwa ya fito fari fat kamar an birkiɗa shi a gari. An yi dariya har da masu riƙe ciki. Amma daga ranar babu wanda ya sake mantawa cewa ana zare ƙusa tukuna, a juya wa iska baya, a nufi gindin wuta ba harshenta ba, kuma irin tukunyar da muke da ita ba ta kaiwa rabin minti take ƙarewa, saboda haka ba a fesawa da gayya. Da maƙwabcin nawa ya ɗaura kofi a bakin doguwar sanda ya zuba ruwa kaɗan a kan man da ke ci, wutar ta yi tsalle ta fi tsayin mutum, sai wurin ya yi tsit. Na karanta musu wannan dokar ta ruwa da mai sau uku a baya, amma gani ya kori ji.

Daga nan na ajiye kundin a aljihun tebur, na koma ciro abu ɗaya tak daga cikinsa kowane mako, in nemi hanyar da su za su yi magana ba ni ba. Kacici-kacici ne ya fi karɓuwa, abin da da farko na ji kunyar kawowa gaban magidanta. Na farkon da na shirya shi ne: ba ya cin tuwo, ba ya cin nama, amma ka miƙa masa hannun riga sai ya haɗa da hannu. Aka yi ta canka, aka kasa, na ce to a ba ni gari. Wani ya ce ya ba ni Daura, sai wani Badauri da ke sashen inji ya tashi ya ce sam ba a isa a kyautar da garinsu ba, a ba ni Jibiya. Amsar ita ce bel ɗin inji, kuma ta buɗe mana maganar da na daɗe ina jin nauyin yi, wato shigowa wurin inji da kaftani mai faɗin hannu ko rawani mai jela, musamman ranar Juma'a da mutum yake son wucewa masallaci kai tsaye. Su da kansu suka ce a kafa ƙusoshi a wani ɗaki a riƙa rataye manyan kaya. Bayan 'yan makonni sai ya zama su ke zuwa da nasu kacici-kacicin, wasu ma sun fi nawa ma'ana nesa ba kusa ba.

Mun kuma gwada ɗan wasan kwaikwayo irin na 'yan tashe, wanda ba ya wuce minti biyar. Wanda ya fi yin tasiri shi ne na ɗaukewar wuta. A wurinmu wannan ne haɗarin da ya fi ba ni tsoro: a ɗauke wutar lantarki, inji ya tsaya, makaniki ya ce bari ya yi amfani da damar ya zura hannu ya cire abin da ya toshe, sai wuta ta dawo ko wani ya tayar da janareta bai san da mutum a ciki ba. Maganinsa sananne ne a masana'antun duniya, wato mai gyara ya kashe makunni, ya sa nasa kwaɗon a akwatin, ya jefa makullin a aljihunsa, kada kowa ya buɗe sai shi. Muka ba wani Bafulatani da wani Babarbare wasan, saboda barkwancin da ke tsakanin ƙabilun biyu ya ba su damar yi wa juna tatas ba tare da an ji haushi ba. A nan na lura da wani amfani na wasa da ban yi tsammani ba. A al'adarmu yaro ba ya duban babba ya ce masa ka yi kuskure, amma a cikin raha yana iya cewa, "Baba, ina kwaɗonka?" kuma Baba ya yi murmushi ya koma ya ɗauko.

Raha dai tana da iyaka, kuma na san iyakar ne bayan mun ƙetare ta. Wani yaro ya kwaikwayi wani abokin aikinmu da ya rasa yatsu biyu a wurin da ya yi aiki kafin ya zo mana, aka yi dariya, mutumin ya tashi ya fita bai ce uffan ba. Da yamma na bi shi har gida na ba shi haƙuri. Tun daga ranar ba a kwaikwayon raunin kowa, sai in mai raunin ne ya ga dama ya ba da labarinsa da bakinsa.

Babban kuskurena kuwa a wajen kyauta na tafka shi. Ganin taro ya fara armashi, sai na kafa allo a bakin ƙofa ina rubuta adadin kwanakin da aka yi ba wanda ya ji rauni, na shawo kan manaja ya yi alkawarin rago idan muka cika kwana 100. Kowa ya yi murna, kowace safiya ana tsayawa a duba lamba, ni kuma ina jin kaina ya yi girma. Mun haura kwana 80 sai na lura wani matashi mai ɗinkin buhu yana sa safar hannu a hannu ɗaya kawai, kuma ba ya cire ta ko lokacin cin abinci. Na kira shi sito na ce ya cire. Allurar injin ɗinki ce ta soke shi kusan mako guda da ya wuce, ya ɗaure da tsumma, ya sayi ƙwaya a kemis, ga yatsa ya kumbura ya fara ruwa. Na ce me ya hana shi faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, so kake a ce ni na hana mutane cin rago?" Da na bincika sai na tarar abokan aikinsa sun sani, su ne ma suka ce ya daure saura kwana kaɗan.

Muka kai shi asibiti, Allah ya taimaka yatsan bai lalace ba. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin allon da na kafa da hannuna bai rage rauni ba, faɗin rauni ya rage. Kuma ɓoyewar tana iya jawo wa ma'aikaci asara biyu, tunda dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda a ƙarƙashinta kamfani ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar, ta buƙaci wanda ya ji rauni ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14. Daga baya na karanta cewa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta yi gargaɗi tun 2012 cewa kyautar da aka rataya a kan rashin samun rahoton rauni tana iya sa ma'aikata yin shiru. Ashe ramin da na faɗa wasu sun riga ni faɗawa, ni dai ban ji labari ba.

Na goge allon a gaban kowa, na faɗa musu cewa laifin nawa ne ba na yaron ba. Ragon kuma na roƙi manaja a yanka shi duk da haka, muka ci ranar 28 ga Afrilu, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ware tun 2003 don tunawa da lafiya da kariyar ma'aikata, domin ban so a riƙa kallon yaron a matsayin wanda ya janyo asara. A madadin ƙirgen kwanaki muka fito da abin da muka sa wa suna Saura Ƙiris. Duk Litinin, wanda ya ga abin da ya kusa zama haɗari sai ya tashi ya faɗa: wayar wuta da ta saɓule, tsanin da ƙafarsa ke rawa, jerin buhunan da ya karkace, tukunyar gobarar da allurarta ta sauka daga kore. Jama'a su zaɓi wanda nasa ya fi muhimmanci, a ba shi tiyar shinkafa ko katin waya. Da gangan na bar kyautar ƙarama, domin idan ta yi tsoka za a fara ƙirƙiro haɗari a zo a karɓa.

Wahalar wannan tsari ba a wurin ma'aikata take ba, a wurinmu take. Mutum ya faɗi abu sau biyu bai ga an gyara ba, ba zai sake ɓata bakinsa ba, kuma yana da gaskiya. Saboda haka allon nan ya koma ɗauke da abin da aka faɗa, da wanda zai gyara, da ranar da aka faɗa. Murfin wani bel ya yi wata biyu a rubuce saboda ana jiran a saki kuɗi, ban goge shi ba, har ranar da masu kamfani suka kawo baƙi zagaye suka tsaya suna karantawa. Cikin kwana uku aka kira mai walda. 'Yan dako kuma muka daidaita da su ta hanyar dawo da taron kafin isowar motoci, da ɗan shayi da burodi, ko da yake har yanzu ranar da mota ta yi sammako ba na ganin ƙeyarsu.

Abin da ya gagare ni har yau shi ne abin toshe kunne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti) tana lalata ji idan mutum yana shafe awa 8 a cikinta kullum, kuma gwajinta mai sauƙi ne: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ka ya ji, to ƙarar ta kai a kiyaye. A ɗakin casa ihu muke yi wa juna. Na yi kacici-kacici, na yi gasa, na raba kyauta, amma da zafin bazara ya shigo sai a cire a sa a aljihu, masu inji kuma su ce da kunne suke gane inji ya fara ciwo. Gobara ana ganinta, a yi dariya ko a tsorata, amma kurumta a hankali take zuwa, babu abin da zan hura a rabin duro in nuna. Makon jiya Baba ya same ni a sito ya ce shi zai yi maganar da kansa, domin shekara biyu ke nan ba ya jin kiran sallar asuba daga masallacin da ke bayan gidansa sai iyali sun tashe shi. Sharaɗi biyu ya kafa mini: a ajiye masa kujera, kuma ranar kada a yi kacici-kacici.